Gurgu Zai Tafi Yamai

Ƙafata ta hagu ba ta taɓa ɗaukata ba. Tun ban fara tafiya ba shan inna ya kama ta, ta tsaya a nan siririya kamar karan gero, sauran jikina ya yi gaba ya bar ta. A unguwar Birni ta Damagaram na tashi, gidan dukawa, kuma sana'ar ta yi mini daidai tunda a zaune ake yin ta. Matasan fata, jakunkuna, kube, takalma, babu wanda ban iya ba. Damatsana suka cika, ƙirjina ya buɗe. Amma duk inda za ni a duniya sai an kai ni. Da farko a bayan Iya, mahaifiyata, daga baya a kan jaki wani na riƙe da igiya. Ina da sanda, tana kai ni masallaci da bakin kasuwa, iyakarta ke nan.

Moto ya shigo hannuna ne a shekarun da Nasara suka fara ɗaure kayansu. Wani Bafaranse mai aiki a kanti zai koma gida, ya sa na yi masa matasai da yawa na tsaraba. Ranar da na kai aikin na ga wani tsohon moto, abin da ƴan Kano ke ce wa babur, jingine a bayan gidansa, kaji sun mai da shi wurin kwana. Abin da ya tsayar da idona giyarsa ce. Ba ta ƙafa ba ce, ta hannu ce, a gefen tanki. Na ce masa ya riƙe ladan aikin ya ba ni wannan. Ya dubi ƙafata, ya dubi moton, ya ɗaga kafaɗa irin yadda suke yi. A amalanken shanu aka kawo mini shi gida.

Akwai wani maƙeri a unguwar Zango, aminin marigayi mahaifina, wanda yawan gyaran kamyo, manyan motocin jigilar gyaɗa, ya koya masa taɓa inji. Baba nake ce masa. Shi ya tayar da moton, shi kuma ya riƙa tsayawa a fili bayan gari yana daka mini tsawa har na koyi tafiya a kansa ba tare da na rungumi ƙaya ba. Zagaye kawai nake yi. Ya riƙe mini in hau, ya tare ni in sauka. Ko a hakan, ranar da na fara jin iska na dukan fuskata, na kasa cin tuwo don murna.

Shekarar da ƙasa ta samu kanta, da ruwa ya fara ɗaukewa, labari ya zo cewa masu moto na ƙasar duka za su haɗu a Yamai bayan kaka, su yi jerin gwano cikin gari. Masu moto a Damagaram a lokacin ba su da yawa, kuma kusan dukansu ma'aikatan biro ne, wato ofis. Sukan zauna da la'asar a ƙofar gidan wani mushen lakwal, wato malamin makarantar boko, shi ne jagoransu. Tare muka yi karatun allo da shi kafin a ɗauke shi a kai lakwal. Na dogara sandata na je.

Na yi sallama aka ba ni gefen tabarma. Maganar hanya suke yi, inda ake samun isansi, wato fetur, da inda rairayi ya fi yawa. Na bari suka numfasa, na ce, "Mushe, ni ma da ni za a je."

Ɗaya daga cikinsu ya yi dariya har shayi ya sarƙe shi. Mushe bai yi dariya ba, kuma wannan ya fi yi mini ciwo.

Ya ce, "Ɗan'uwa, ba zagayen bayan gari ba ne fa. Tasawa, Maradi, Ƙonni, Dogon Dutsi, Doso. Hanya ce da take cin masu ƙafa biyu. In ka faɗi a daji, wa zai ɗaga ka?"

Na ce, "Ni."

"In ka tsaya sai mun tsaya, in ka karye sai mun dawo da kai. Kuma me zan gaya wa Iya? Ka yi haƙuri. In mun dawo ma ba ka labari."

Duk rayuwata labari ake ba ni. Fatake sun ba ni labarin Kano, maɗugai sun ba ni na Agadas. Jakunkunan da na ɗinka da hannuna sun je Makka sun dawo, ni ina kan buzuna. Na miƙe na ce, "Ban roƙi kowa ya tsaya mini ba. Hanya kuwa ba gonar wani ba ce. Sai mun haɗu a Yamai."

Kafin in isa gida magana ta riga ni. Gurgu zai tafi Yamai. Da safe in na buɗe rumfa, mai wucewa sai ya tsaya ya ce, "A'a, har ka dawo? Yaya mutanen Yamai?" Ni kuwa in ce, "Suna jirana." In ci gaba da ɗinkina.

Matata ƴar Garagumsa ce, ɗiyar manoma, ba ta da yawan magana. Na gaya mata yadda muka yi da Mushe tana tankaɗe. Ba ta ɗaga kai ba ta ce, "Malam, a abu ɗaya yana da gaskiya. In ka faɗi, wa zai ɗaga ka?"

"Ai na ce masa ni."

"To, ka taɓa gwadawa?"

Ban taɓa ba. Haushinta ya kama ni har washegari, sannan na tafi Zango wurin Baba muka zauna muka dubi moton kamar ba mu taɓa ganinsa ba.

Birkin baya a hagu yake, wajen ƙafar da ba ta taka komai. Duk zagayen da nake yi da birkin hannu nake tsayawa, shi kuwa a cikin rairayi kayar da mutum yake. Baba ya ƙera wani sandan ƙarfe ya bi da shi ta ƙarƙashin inji ya dawo da birkin dama. Na farko ya lanƙwashe da na taka shi da ƙarfi. Ya jefar da shi yana zagin ƙarfen zamani, ya nemo guntun ƙarfen kamyo ya sake. Wannan bai lanƙwashe ba har moton ya mutu. Tayar da inji ma matsala ce, don mai buga shi da dama a kan hagu yake tsayawa. Sai na koyi ɗora moton kan ƙafarsa ta ƙarfe, in hau in zauna, in buga daga zaune, in ya kama in tura ƙirji gaba ya sauka. Ƙafar hagu kuwa lilo take yi, na ɗinka mata aljihun fata kamar gaban takalmi, buɗe ta baya, yadda za ta zauna amma in na faɗi ta zare.

Sai maganar ɗagawa. Wata rana da hantsi na fita hanyar Dogo, inda rairayi yake da laushi, na nemi wuri na kayar da kaina da gangan wajen hagu. Faɗuwa ba ta da wuya. Moton ya kwanta kan ƙafar, bututun hayaƙi ya samu ƙwaurina, na ji ƙaurin wando kafin in ji zafin. Mutane suna zaton ƙafar gurgu ba ta jin ciwo. Tana ji. Na tona rairayin da hannu na zaro ta. Mai ƙafa biyu tsugunnawa yake ya miƙe da moto. Ni sai na durƙusa kan gwiwar dama, na cusa kafaɗa ƙarƙashin sirdi na tura. Ya taso kaɗan ya koma. Na sake, ya koma. Na tattaro duk ƙarfina na sake, ya taso ya wuce ya faɗi ɗaya gefen.

Ashe manoma suna cirar gyaɗa a gonar da ke gefe. Suka rugo da gudu. Na daka musu tsawa, "Kada wanda ya taɓa shi!"

Suka yi cirko-cirko suna zaton taɓin hankali ne. Wani dattijo a cikinsu ya ce, "Bawan Allah, taimako ne fa."

Na ce, "Na gode, Baba. Amma inda za ni babu ku."

Ya daɗe yana dubana. Sai ya kora sauran suka koma aiki, shi ya samu inuwar aduwa ya zauna yana ɓare gyaɗa yana ci. Bai tafi ba. Rana ta take. Gumi ya rufe mini ido, gwiwata ta saɓule, ƙunar tana zugi. Na zauna na zagi moton, na zagi Bafaransen da ya ba ni shi, na zagi Mushe. Sai idona ya faɗa kan sandata da ke yashe. Na jawo ta. Na ɗaga moton kaɗan na tokare shi da ita, na huta, na gyara durƙuso, na ƙara ɗagawa na matsar da sandar. A haka, kaɗan-kaɗan, har ya miƙe. Na rungume shi ina haki kamar wanda ya kayar da abokin kokawa.

Dattijon ya taso ya miƙo mini gorar ruwa ya ce, "Wannan dai ka yarda a taimake ka da shi?"

Na karɓa na shanye.

Baba maƙeri ya sa wa sandata ƙarfe mai baki biyu a ƙasa don ta riƙa kama moton ba zamewa, ni kuma na ɗinka mata kube a jikin moton. Na yi wa ƙwaurina rigar fata mai auduga a ciki saboda bututun hayaƙi. Na yi ta komawa hanyar Dogo ina faɗuwa hagu, ina faɗuwa dama, har mutanen gonar suka daina ɗaga kai.

Da yamma kuma tasha nake zuwa in zauna cikin direbobin kamyo. Su ba su yi mini dariya ba, tsoratar da ni suka yi ta yi. Suka ce akwai wuraren da hanya ta yi kunya-kunya kamar gonar dankali, mai kwance duk wani ƙarfe da aka ɗaura. Suka ce isansi sai manyan garuruwa, tsakaninsu kuwa ko na shafawa babu. Duk abin da suka faɗa na riƙe shi a kai, in na koma rumfa in mai da shi ɗinki. Jakunkuna biyu manya na bayan sirdi, da fata ninki biyu, ɗinkin da ban taɓa yi wa wani mai saye irinsa ba. Gidan bidon, wato jarkar isansi, salkar ruwa, ƙaramar jaka ta buji, wato fulogi, da faci da famfo da ƴan ƙarafan kwance-kwance. Aikin mutane ya tsaya, wasu suka yi fushi suka kai wa wani. Na ce su kai.

Da aka gama, Baba ya ce bai yarda ba sai na gwada tafiya mai nisa da nauyi. Ya ce in ɗaura buhun gero. Matata tana jin haka ta ce, "Buhun gero ba shi da iyaye a Garagumsa. Ni ina da su."

Na ce, "Kin san abin da matan unguwa za su ce?"

Ta ce, "Sun gama faɗarsa tun ranar da na aure ka."

Na ɗaura mata matashi a baya. Ta yafa mayafi ta ɗaure shi tam, ta hau ta kama rigata, muka ratsa Birni ido na binmu ta kan katanga. A hanya na gane in nauyi ya yi yawa a baya, gaban moton rawa yake cikin rairayi, don haka daga baya na dawo da isansin gaba, gefen tanki. Mun faɗi sau ɗaya bayan Tirmini. Ta tashi ta kakkaɓe zanenta, ta koma gefe ta harɗe hannu tana kallo har na miƙar da shi. Ba ta ce sannu ba sai da muka hau.

A Garagumsa ƙarar moton ta fito da mutane daga gonaki. Surukina ya zo da lauje a hannu. Shi ne mutumin da danginsa suka yi wa ca lokacin da ya ba gurgu ɗiyarsa. Ya dubi bayanmu yana neman wanda ya rako mu, ya ce, "Wa ya kawo ku?"

Ta ce, "Ba kowa, Baba. Shi ya kawo ni."

Ya zagaya moton, ya taɓa birkin, ya taɓa sandar. Sai ya juya ya ce a kama zakara.

Abin da ya rage shi ne mafi wuya. Tun ranar da magana ta fita Iya ta daina ce mini komai sai amsa gaisuwa. Na same ta a ɗakinta bayan la'asar tana kaɗi. Na zauna bakin ƙofa.

"Iya, na zo neman izini."

"Ai ka gama shiri. Izinin me kuma?"

"Ba zan fita ba sai da albarkarki. Amma ba zan ce miki na haƙura ba, don in na faɗa ƙarya na yi."

Ta ajiye mazari ta ce, "Na goya ka har ƙafarka tana bugun ƙwaurina. Mata suna cewa in sauke ka haka nan, bayana zai karye, na ƙi. Ƙafa ɗaya Allah Ya bar maka. Ita za ka ɗauka ka kai wa ƙarfe?"

Na ce, "Iya, da suka ce ki sauke ni, me kika ce musu?"

"Na ce ba a bayansu kake ba."

"To, ni ma abin da nake gaya wa mutanen gari ke nan."

Ta ɗauki mazarinta ta murza. Zare ya tsinke, ta ƙulla, ya sake tsinkewa. Ta ce, "Tashi ka ba ni wuri."

Na tashi ban san matsayina ba. Washegari da sassafe na ji daka a tsakar gida, na leƙa na gan ta ita da matata suna kirɓa dakuwa. Aka soya ƙuli-ƙuli, aka yi garin fura, aka aika aka sayo kilishi da dabino. Har na tafi ba ta ce mini je ka ba. Amma ranar tafiyar, bayan sallar asuba, ta fito ta tofa mini addu'a a ka, sannan ta matsa ta tofa wa tankin moton.

Na riga su Mushe tashi da ƴan kwanaki, don na san tafiyata ba irin tasu ba ce. Baba ya zo tun daga Zango ya bi kowane ƙarfe ya ƙara ɗaure shi, bai bar ni na gode masa ba. Masu tambayata mutanen Yamai suna tsaye a ƙofar masallaci. Na ɗaga musu hannu na wuce.

Hanyar ta yi duk abin da direbobi suka ce za ta yi, har da ƙari. Na faɗi har na daina jin haushin faɗuwa. Na kwana a zaurukan mutanen da ban sani ba, suka ba ni tuwo suka tambaye ni labari. Bayan Ƙonni ƙaya ta huda mini tayar baya. Ina zaune a inuwa ina faci sai na ji ƙarar motoci daga gabas. Su Mushe ne. Suka tsaya, duk sun yi futu-futu, ɗayansu da ɗauri a gwiwar hannu.

Mushe ya sauko ya tsaya a kaina. Ya ce, "Ashe kana nan."

"Ina nan."

"Mu jira ka ka gama, mu ƙarasa tare."

Da gaske yake, na gani a fuskarsa. Amma na ce, "Ku wuce, Mushe. Ina tafe."

Bai yi musu ba. Ya ciro goro daga aljihu ya ɓare, ya ba ni rabi, ya jefa rabi a baki, suka tashi.

Na shiga Yamai da safiyar ranar taron, har an fara jeruwa. Na samu wuri a can ƙarshen layi na shiga. Ba wanda ya san ni, ba wanda ya yi mini tafi na daban, mutane suna ɗaga wa kowa hannu ne har da ni. Garin ma bai kai yadda nake zato ba. Mu Damagarawa dama ba mu gama yafe masa ɗauke mana babban birni da aka yi ba, sai na riƙa dubansa ina cewa, wannan ne? Muka zagaya, aka yi jawabi da Faransanci ban ji ko kalma ba, aka watse.

Ina neman inda zan huta na bi wata hanya mai gangara, sai ga kogi a gabana. Na kashe inji. Ni ɗan garin da mata ke kwana a layin rijiya, ban taɓa zaton akwai ruwa irin wannan ba, mai faɗi, yana tafiya abinsa ba wanda ya tsare shi. Masunta suna ta harkarsu, mata suna wanki, ba wanda ya kula da ni. Na zare sandata na gangara, na cire rigar fatar ƙwaurina, na shiga da tufafina na zauna, ruwa har ƙirji. Jar ƙasar hanya ta riƙa fita daga jikina tana bin ruwa. Na daɗe a nan har yatsuna suka yi yaushi.

Da la'asar ta yi na fito na yi salla a bakin gaɓa, na ci sauran dakuwar Iya. Sannan na hau na tafi neman isansi, don hanyar komawa gida ba ta ragu da komai ba.